Macijiyar Muhsinat

Al Karama, Dubai
12 ga Oktoba, 2019

Zuwa ga mahaifina, Malam Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da biyayya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Gwaggo Talatu, yaya ƙanena Salmanu da iyalinsa? Mu nan lafiya lau, zafi ma ya fara lafawa. Surukinka Izzuddeen yana gaishe ka, amaryarka Muhsinat ma tana miƙo gaisuwa.

Baba, na koma rubutu ne don wayar nan ta gaji da mu. Ranar Juma'a na yi ta ɗaga murya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ji ko lafiya, kai kuma kana ta cewa "Na'am? Na'am?" Alhaji Mu'awiya, wanda ke sarin kayan gyaran mota a wurin aikin Abban Muhsinat, kusan kullum yana hanya tsakanin nan da Kano. Ya ce zai riƙa kawo maka takarda har Sheka, ya karɓo amsa.

Ka gyara zama kafin ka ci gaba. Amaryarka maciji take so. Mai rai, wanda za ta ajiye a ɗakinta.

Tun da ƙawarta 'yar Indiya ta koma ƙasarsu da iyayenta, yarinyar nan ta yi sanyi. Daga makaranta sai ɗaki. Ka tambaye ta yaya karatu, ta ce lafiya, ta ja ƙofa. Shekararta sha biyu, amma ba wannan ce ƙawar farko da ta tafi ta bar ta ba. Haka garin nan yake, kowa da bizarsa, ba wanda ya zo zama. Mun yi tunanin kyanwa, likita ya ce da asmar da take fama da ita ko kusa. Tsuntsu ma haka. Mun sayo kifi, ta ɗan leƙa shi ta bar wa ubanta.

Makon jiya wani mutum ya kai musu dabbobi makaranta, har da maciji. Malamarsu ta ce yara duk suka dare, har da mazan da ke cika baki, ita kaɗai ta miƙa hannu. Da ta dawo ko takalmi ba ta cire ba ta biyo ni kicin tana zuba. Wai jikinsa a bushe yake, ba yauƙi. Wai da harshe yake sansana abu. Wai ta ji ƙarfinsa yana tafiya a damtsenta.

Ina yanka albasa ina jin ta, sai na tsinci kaina a gaban kekenka ranar Asabar da sassafe, mun baro Sheka mun nufi gidan namun daji, ina riƙe da kwanon ɗumamenka. Na ji warin nan na ɗakin macizai, na damshi da ƙasa da tsohon buhu. Na ga abokinka Malam Sabo mai kula da kuraye yana fere mini rake. Na ga Inna, Allah ya jiƙanta, ta tare mu a zaure da buta da sabulun salo, ba mai shiga sai ya wanke hannu har gwiwa. 'Yan ajinmu suna kirana 'yar mai macizai don su ba ni haushi, ni kuwa har kaina yake kumbura.

Muhsinat ta san ka yi aiki a gidan namun daji, amma ba ta san wane ɓangare ba. Da na faɗa mata, sai ta tsaya tana kallona baki buɗe, ta ce, "Mama, kakana? Wannan mai dogon carbin?"

Abbanta dai ya ce sam. Ban ga laifinsa ba. Ka san a ƙauyensu idan aka ga maciji ba a tsayawa tambayar sunansa, kuma kububuwa ta kashe abokinsa a gona suna firamare, shi ya rugo gida ya faɗa. Ya ce ko hotonsa ba ya so a wayar gidan nan.

Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na ji daga bakinka. Idan har za a yi, wane iri ne ya dace da wanda bai taɓa riƙewa ba? Idan kuma ka ga wauta ce, ka faɗa mini kai tsaye yadda ka saba.

Ga man zafi nan da zuma na ba Alhaji. A gaishe da Gwaggo da kyau.

Taka mai biyayya,
Sa'adiya


Al Karama, Dubai
23 ga Nuwamba, 2019

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan sanyin bana bai taso maka da ƙafar ba. Na ji daɗi da Salmanu ya gyara rufin ɗakinka.

Amsarka ta iso. Rabon da in ga rubutunka tun ina makarantar koyon aikin jinya, har yanzu kana jan wutsiyar harafi kamar za ta fita daga takarda. Muhsinat ta ƙwace ta ce ita za ta karanta. Ta yi layi biyu tana tuntuɓe, Hausar karatu ta gagare ta, ta dawo mini da ita. Inda ka ce ka fasa aurenta tunda za ta tare da maciji, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Mun bi abin da ka ce. Ka ce kafin a tambayi wane maciji, a fara tambayar ko za ta iya ciyar da shi, don maciji ba ya cin tuwo. A nan ɓeraye a daskare ake sayar da su, kamar kaji. Na sayo ɗaya, na sa ta narkar da shi a ruwan ɗumi, ta ɗauka da hannunta. Ta ɓata fuska, ta ce ya ba ta tausayi, amma ba ta yar ba. Abbanta ya fice baranda.

Ka ce ban da mai dafi, ban da wanda zai fi ta tsawo sosai idan ya girma, kuma kada mu karɓi wanda ba mu ga ya ci abinci a gabanmu ba. Na farkon ma doka ta hana a ƙasar nan. Sannan ka ce in da a gida ne, da mulwa za ka zaɓa mata, ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa ta ɓoye kanta idan ta tsorata.

Ranar hutuna muka je kasuwar tsuntsaye da dabbobi ta Warsan, ni da ita. Baba, a shago na can ƙurya na ga mulwa. Na gane ta tun daga bakin ƙofa, baƙi da ruwan zuma, irin waccan da aka kawo muku daga dajin Falgore, wadda ka fara ɗora mini a cinya ina 'yar shekara bakwai. Ka tuna? Ka ce in yi shiru in bar ta ta san ni. Na zauna har ƙafata ta yi sanyi kafin ta fito da kai.

Mai shagon ya ce daga wajenmu aka kawo ta, Afirka ta Yamma. Ya ba ni na riƙe. Ta dunƙule a tafina, nauyinta bai kai yadda na sani ba. Ƙashin bayanta ya fito, kuma na ga kaska biyu maƙale kusa da wuyanta. Na ce ya ba ta abinci mu gani, ya ce ai jiya ta ci. Ban yarda ba, amma ban so in mayar da ita ba.

Muhsinat kuwa hankalinta yana wani akwatin. Wani siriri ne ɗan ƙarami, ruwan lemo da ja, cikinsa fari da baƙi kamar ƙwayar masara, shi ya sa ake kiransa macijin masara. Asalinsa na Amurka ne. Ta karanta komai a kansa. Ta ce ba shi da dafi, ba ya yawan sara, ba ya ƙin abinci, kuma ba ya buƙatar damshi da yawa kamar mulwa, ga esi da ke busar da iskar gidanmu dare da rana. Ta ce a gida ake ƙyanƙyashe su, ba daga daji ake kamo su ba.

Muka yi gardama a tsakiyar kasuwa kamar sa'anni. Na ce kakanki ya ce mulwa. Ta ce, "Mama, ni za a saya wa ko ke?" Sai na ce ta wuce mu tafi.

Ba mu sayi komai ba, tunda har yanzu maigidan bai sauko ba. Amma na lura ya daina tashi idan ana zancen. Jiya ma ya tambaya, yana kallon talabijin, wai shekara nawa abin yake yi a duniya.

Ka raba mana gardama, Baba. Ni dai ka san inda zuciyata take.

'Yarka,
Sa'adiya


Al Karama, Dubai
18 ga Janairu, 2020

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya jiki, yaya mutanen gida? A yi wa matar Salmanu barka da sauka, Allah ya raya.

Na yi jinkirin amsa ne don na ɗan yi fushi da kai, gara in faɗa. Na ɗauka za ka goya mini baya. Sai ga shi ka ce in rabu da mulwar nan. Ka ce wadda aka kamo daga daji, ta rame, ga kaska, ko a hannunka ba lalle ta tashi ba, kuma bai kamata abin farko da yarinya za ta riƙe ya mutu a hannunta ba. Ka ce macijin masara kai ba ka san shi ba, ba ka taɓa ko ganinsa ba, don haka ba za ka yi ƙarya ba. Amma tunda ita ta san shi, a bar ta da wanda ta sani, kuma ta riƙa rubuto maka halinsa kai ma ka ƙaru.

Duk da haka sai da na koma Warsan ni kaɗai bayan na tashi daga aiki. Na ce ko ba don Muhsinat ba, in karɓo ta in yi jinyarta, ai jinya ce sana'ata. Na tarar da akwatin an wanke, an zuba kunkuru. Na tambayi mai shagon, ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato ta ƙare. Ban sake tambaya ba. A bas na zauna kusa da taga na yi ta share hawaye, wata tsohuwa ta miƙo mini dabino. Na rasa yadda zan ce mata maciji nake yi wa kuka. Ina jin ma ba ita kaɗai nake yi wa ba. Na tuna ranar da ka yi ritaya ka dawo da rigar aikinka a ninke a bayan keke, Inna ta ce alhamdulillahi, yau ta huta da wanke hannu, kai kuma ka ƙi cin tuwo.

To, ga labari mai daɗi. Surukinka ya sauko. Ba ni na shawo kansa ba. Ya shiga ɗakinta neman caja, ya tarar ta zana maka macijin masara da fenti, ta rubuta sunayen sassan jikinsa da Hausa, wasu daidai wasu a karkace. Ya fito ya zauna. Can ya ce rabon da ya ga ta damu da wani abu haka ya manta. Amma da sharuɗɗa. Akwati da kwaɗo. Ɓera ba zai kwana a firizar da ake ajiye nama ba. Kuma shi har abada ba zai taɓa ba, kada ma a roƙe shi.

Shi da kansa ya sa masu gilashi na kusa da wurin aikinsu a Ras Al Khor suka haɗa akwatin, ya tsaya a kansu sai da suka ƙara kauri. Ya sayo 'yar ƙaramar firiza ta hannu, ya ajiye ta a baranda, ya manna mata takarda ya rubuta sunan Muhsinat da manyan baƙaƙe.

Ba a kasuwa muka saya ba. Ta hanyar mutumin da ya je makarantarsu muka sami wata mata a Sharjah da ke kiwonsu a gida. Ta fito mana da 'ya'ya da yawa. Muhsinat ta duba ido da baki da ƙarƙashin wutsiya, ta zaɓi mace wadda ba ta fizge-fizge, sannan ta ce wa matar, kakanta ya ce sai ta ci a gabanmu. Matar ta yi dariya ta ɗauko hantsaki, ta miƙa wa macijiyar ɗan ɓera. Ta ci, Baba, ko jinkiri babu.

Tsawonta bai wuce daga yatsana zuwa gwiwar hannu ba. An sa mata shimfiɗar ɗumi ta lantarki a gefe ɗaya, ɗaya gefen an bar shi da sanyi, da kwanon ruwa da wurin ɓuya. Sunanta Manja, saboda kalarta. Ga zanen nan a ciki, da takardar amaryarka. Ban gyara mata ko harafi ba, ta hana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Taka,
Sa'adiya


Al Karama, Dubai
3 ga Oktoba, 2020

Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya jiki? Yaya ƙarfin gwiwa? Sannu, Baba. Sannu da jinya, sannu da rashe-rashe. Sai yanzu jirage suka fara tashi, Alhaji Mu'awiya zai bi ta Abuja, na ce ko tsaye ne sai na rubuta.

Salmanu ya ɓoye mini rashin lafiyarka sai da ka fara tashi zaune. A lokacin nan da ake ta binne dattawa a Kano, kullum na buɗe waya sai na ga sunan wanda na sani. Ranar da na ga na Malam Sabo, ina cikin rigar leda da takunkumi biyu, ba halin ko share ido. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Na san tare kuke zama a dakalin masallaci tun da kuka bar aiki. Yanzu da wa kake hira?

Ni ma ban kwana gida ba tsawon lokacin kullen. An mayar da ni sashen masu korona, asibiti ya ba mu masauki don kada mu kai wa iyali, balle ga mai asma a gida. Na bar uba da 'ya da Manja a ɗaki biyu, ba fita sai da izini. Abin da ya faru a bayana shi nake so in ba ka, don na san za ka yi dariya, kuma kana bukatarta.

Wata ranar Talata da hantsi Muhsinat ta canza ruwa, aka kira ta darasi a kwamfuta, ta tura murfin ba ta danna kwaɗon ba. Kafin azahar akwati wayam. Ta birkice ɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta zazzage jakunkuna, tana kuka tana kiran suna kamar mai neman akuya. Kukan da ƙurar suka tayar mata da asma. Abbanta ya zaunar da ita a falo ya ba ta abin shaƙa, ya kira ni. Ina jin numfashinta yana fito ta waya. Na ce ya bar komai ya zauna da ita. Ita kuma tana cewa idan Manja ta fita baranda zafi zai kashe ta, idan ta shiga gidan maƙwabta su za su kashe ta, ba za ta zauna ba.

Sai ya ce mata, "Zauna. Ni zan nemo ta."

Na tuna abin da kake cewa idan wani ya kuɓuce muku, a nemi wuri mai ɗumi, mai duhu, mai matsi, kuma a bi jikin bango. Na faɗa masa. Ya sa safar hannu ta wanke-wanke, ya ɗauki tsintsiya da tocila. A bayan injin wanki ya same ta, ta naɗe a jikin tiyo, kanta ya doshi ramin da ruwa ke fita. Ya ce da ya ga haka ya san kafin ya kira yarinyar ta taso, Manja ta shige. Safar ta hana shi kamawa, sai ya tuɓe ta da haƙori ya sa hannu.

Muhsinat ta ce ya shigo falo hannu a miƙe can gaba kamar mai ɗauke da garwashi, idonsa a rufe rabi, bakinsa yana ta Innalillahi da duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Manja kuwa ta naɗe masa a wuyan hannu tana leƙen cikin hannun rigarsa. Ya ce, "Karɓi abarki, karɓi abarki!" Dariya ta hana ta tashi.

Da na dawo gida na tarar da abin mamaki. Shi ke tuna mata ranar ciyarwa. Shi ya fara lura idon Manja ya yi fari-fari, ya tayar da hankali wai ta makance, sai da Muhsinat ta nuna masa inda ka rubuta cewa haka suke yi idan za su yi saɓa. Har yanzu yana cewa shi ba ya son maciji, wannan ɗin ce kawai ya sani.

Sai dai aikin su Abban Muhsinat ya ja baya sosai. An sallami da yawa, su ma da suka rage ba su san gobe ba. Muna addu'a.

Baba, a watannin nan na riƙe hannun tsofaffi da yawa da 'ya'yansu ke nesa. Ba zan ce komai a kai ba yanzu. Ka dai ci abinci, ka sha magani, ka bar gardama da Gwaggo.

'Yarka mai kewarka,
Sa'adiya


Al Karama, Dubai
9 ga Janairu, 2021

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Na ji ka fara takawa masallaci da sanda, alhamdulillahi. A gaishe da Gwaggo Talatu da su Salmanu.

Na karanta inda ka ce kada in bar aikina saboda kai. Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi maganarka ba. An rufe wurin aikin Abban Muhsinat a ƙarshen shekara. Ni an ce in sabunta kwantiragi, na ce na gode. Shekara goma sha huɗu sun isa. Kayanmu sun riga sun tafi ta jirgin kaya, gidan sai amsa-kuwwa yake yi. Ƙarshen watan nan za mu sauka Abuja, in sha Allahu, mu kamo hanyar Kano.

Abin da ya fi ba mu wuya Manja ce. Mun yi tambaya ko za a iya tahowa da ita. Takardun da ake nema da yadda jirage suke yanzu, abin ba zai yiwu a kan lokaci ba. Ko ya yiwu, Muhsinat da kanta ta tambaye ni ina za a sami ɓera a daskare a Sheka, kuma yaya shimfiɗar ɗumi za ta yi idan an ɗauke wuta cikin sanyi. Ita ta ba kanta amsa. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta ce a nemo wanda zai riƙe ta, amma ita za ta zaɓa.

Mutum na farko da ya zo, wani saurayi ne mai son ya riƙa ɗaukar hoto da ita a wuya. Ta sallame shi tun bai gama shan lemo ba. Wata mata ta zo da 'ya'ya ƙanana suna bubbuga gilashi, ita ma aka ce a'a. Har na fara faɗa, na ce lokaci yana tafiya. Sai Allah ya kawo Wasila, 'yar Zariya ce, tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibitinmu, ita kaɗai take zaune a can wajen Warsan. Ba ta taɓa riƙe maciji ba, ta faɗa da bakinta cewa tana ɗan jin tsoro. Muhsinat ta ce gara haka, mai tsoro ba ya mantawa da kwaɗo. Ta sa ta yi ta zuwa gidanmu duk ranar ciyarwa har ta saba.

Jiya Juma'a bayan an sauko muka kai Manja. Abban Muhsinat ya ɗauki akwatin shi da wani maƙwabci, ya yi ta ce masa shwaiya shwaiya, wato a hankali, a matakala. Muhsinat ta saka Manja a rigar filo ta ƙulle baki, ta rungume a cinya har muka isa. Yanzu Manja ta kusa kai tsawon hannuna duka biyu idan na buɗe rabi, ta yi kauri, jan ya ƙara fitowa. A gidan Wasila yarinyar nan ta zaɓi kusurwar da esi ba ya bugawa, ta gwada zafin da kanta, ta sake ta a ciki. Manja ta zagaya sau ɗaya tana fitar da harshe, ta shige wurin ɓuyanta. Ba ta waiwayo ba, su ai ba sa yi. Muhsinat ta san haka, amma ta ɗan tsaya.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Ina jiran kukanta, na riga na shirya abin da zan ce. Ba ta yi ba, ta jingina kai da taga kawai. Mun zo daidai Ras Al Khor, inda ruwan nan yake da tsuntsaye masu dogayen ƙafa, sai na ga Abbanta ya sa sigina ya gangara gefen titi ya tsaya. Na ɗauka mota ce ta lalace. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

Ya ce, "Ba a faɗa wa Wasila ba."

Na ce me?

Ya ce, "Ba a taɓa Manja idan ta ci, sai ta kwana biyu. In ba haka ba amayarwa take yi."

Muhsinat ta ce ta faɗa mata, har ta rubuta mata ta manna a jikin akwatin. Na ce ko ba a faɗa ba ai ga waya. Sai ya ce murfin nan kuma sai an danna gefen hagu kafin kwaɗon ya kama, shi kaɗai ya san yadda yake yi, a waya ba za ta gane ba.

Muhsinat ta miƙo hannu daga baya ta dafa kafaɗarsa, ta ce, "Abba, mu koma ka nuna mata."

Muka koma, Baba. Wasila ta buɗe ƙofa tana mamaki. Ya durƙusa gaban akwatin ya nuna mata gefen hagun, ta gwada, ya ce ta sake. Ni da amaryarka muka tsaya a bakin ƙofa muka ba shi lokaci.

Kada ka wahalar da kanka zuwa tasha, mu za mu same ka a gida. A ce wa Gwaggo miyar kuka nake so, da man shanu.

Sai mun zo.

Taka har kullum,
Sa'adiya